Filin Tambaya da Amsa: Kalmar “Lye”, Ruwan Toka da Saran Turanci

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan watan sun taru a kan kalma ɗaya ta Turanci mai haruffa uku, wato “lye”, ko da yake kowane mai tambaya ta ƙofa daban ya ci karo da ita. Mun jera su wuri guda, muka ƙara da wasu biyu a kan saran Turanci, domin amsoshinsu suna da jiɓi da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai haɗa sabulu ce a gida, kuma nakan kalli bidiyon Turawa masu wannan sana'a don in ƙaru. Kullum sai in ga suna ambatar wani abu da suke rubutawa “lye”, suna sa safar hannu da tabarau kafin su taɓa shi. Shin sodar da muke saye ce, ko wani sinadari ne da ba mu da shi a nan? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sodar da kike saye ce, wadda masu sayar da kayan haɗin sabulu ke kira kostik soda, fara, wani lokaci ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, wani lokaci fale-fale. Sunanta a ilimin sinadarai sodiyam haidroksaid, kuma Turawa suna furta kalmar da “lai”, kamar gaɓar farko ta kalmar laifi.

Sai dai kalmar ta girmi sodar kanti da ƙarnoni masu yawa, kuma a asalinta ba ta nufin komai face abin da iyayenmu mata suka sani da ruwan toka. Manoman Ingila, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka daga baya, sukan tara tokar murhu a cikin ganga mai huda a gindi, su shimfiɗa bambaro a ƙasa don ya zama mataci, su riƙa zuba ruwan sama yana tsiyayowa a hankali cikin wani mazubi. Don su san ko ruwan ya yi ƙarfin da ake so, sai su jefa ɗanyen ƙwai a ciki. Idan ya taso har bayansa ya ɗan leƙo, to ya isa a dafa shi da kitsen dabba a yi sabulu. Duk wadda ta taɓa tace toka don miya, ko ta ga yadda ake yin sabulun salo daga tokar ɓawon koko da na ayaba a Gana da ƙasar Yarabawa, ta riga ta san wannan aiki, sunan ne kawai baƙo a wurinta. Masu rini a Ƙofar Mata ta Kano ma da toka suke haɗa baba a cikin karofi, haka majema suke neman taimakonta wajen tuge gashin fata.

A tsohon Turanci, na kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, ana kiran wannan ruwa “leag”, kuma 'yar'uwarta a Jamusanci ita ce “Lauge”. Tushen kalmomin yana komawa ne ga wanka da wanki. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai “laug” na nufin wanka, shi ya sa har yau mutanen Aisland ke kiran Asabar “laugardagur”, wato ranar wanka, mutanen Suwidin kuma suka gajarta ta zuwa “lördag”. Idan aka dafa ruwan tokar a tukunya har ya ƙone, farin gishirin da ya rage shi Turawa suka kira “potash”, daga kalmarsu ta tukunya da ta toka, kuma daga wannan suna ne Humphry Davy ya raɗa wa fotasiyam suna bayan ya ware shi da wutar lantarki a 1807. Ita ma kalmar “alkali” da ake kiran dangin waɗannan sinadarai da ita, daga Larabci Turawa suka aro ta, inda take nufin tokar wasu tsirrai na ƙasa mai gishiri. Ɗaliban sakandare kan yi murmushi ranar da suka fara ganin ta a allo, amma ba ta haɗa komai da alƙalinmu mai yanke hukunci ba, wanda shi daga “al-ƙadi” ya fito.

Akwai bambancin da ya shafi sana'arki kai tsaye. Ruwan toka na dangin fotasiyam ne, don haka sabulunsa yakan fito da laushi, yana naso idan ya sha iska, kamar yadda sabulun salo yake yi. Soda kuwa ta dangin sodiyam ce, ita ke ba da sabulu mai tauri da za a yanka sanda-sanda. Ba ta wadatu a hannun talaka ba sai bayan da Nicolas Leblanc na Faransa ya samo hanyar sarrafa gishiri ya zama sodar wanki, wadda daga ita ake yin kostik soda, a 1791, sannan Ernest Solvay na Beljiyam ya zo da hanya mafi araha a shekarun 1860. A yau ana samun ta ne ta hanyar ratsa ruwan gishiri da wutar lantarki. Saboda haka idan mai bidiyon ta ce “lye” kawai, sodiyam haidroksaid take nufi, idan kuma sabulun ruwa take haɗawa daga mai zalla, mai yiwuwa fotasiyam haidroksaid ce, kuma ba a musanya ma'aunin ɗaya da na ɗaya.

Ki kuma lura cewa abubuwa uku ne ke amsa sunan soda a kasuwa. Akwai wadda ake sa wa kek da cincin, wadda ba ta ƙuna. Akwai “soda ash” ta wanki, mai matsakaicin ƙarfi. Sannan akwai wannan da muke magana a kanta, mai cin naman jiki. Kanwa ma, wadda masu Turancin Nijeriya ke kira “potash”, yawancin abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne mai sauƙi, kuma ba za ta tsaya a madadin kostik soda ba.

Safar hannun da tabarau ba ado ba ne. Santsin da kike ji a yatsa idan ruwan soda ya taɓa ki, maiƙon fatarki ne ya fara komawa sabulu, kuma ƙunarta ta kan fi ta asid nutsewa cikin nama saboda ba ta saurin yin zafin da zai sa mutum ya janye. Ƙa'idar da masu sana'ar ba sa karyawa ita ce a zuba sodar a cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, kada a zuba ruwa a kan soda, domin zafin da ke tashi yana iya sa ta fantsamo fuska. Kada a dama ta a tukunyar alminiyam, saboda tana cin ƙarfen tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Idan ta shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 zuwa 20 sannan a garzaya asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar ajiye jiƙaƙƙiyar soda a gorar ruwa ko ta lemo, domin ba ta da launi, yaro mai ƙishi kuma ba ya tambaya. Idan yaro ya sha ta kada a sa shi amai, don za ta sake ƙone maƙogwaron a hanyar fitowa, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko lemon tsami, asibiti kawai za a nufa. Amurka ta sha fama da wannan bala'i, har wani likitan maƙogwaro a Filadelfiya mai suna Chevalier Jackson, wanda ya yi ta jinyar yaran da hanyar abincinsu ta tsuke bayan sun sha soda, ya dage sai da majalisar ƙasar ta yi dokar 1927 da ta tilasta rubuta gargaɗin guba a jikin gwangwaninta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na karanta cewa Jamusawa suna tsoma burodi a cikin “lye” kafin su gasa. Ta yaya abin da ake wanke magudanar ruwa da shi zai shiga abinci? Daga wani mai gidan burodi a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Abin da ka karanta gaskiya ne. Burodin nan mai siffar ƙulli da ake kira “Brezel” a kudancin Jamus, ana tsoma shi na 'yan daƙiƙoƙi a cikin ruwan soda mai rauni, kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kuma irin wadda aka tace musamman don abinci. A cikin tanda sodar da ke bayansa takan haɗu da iskar kabon ta rikiɗe zuwa gishiri marar cutarwa, ta bar masa ɓawo ja-ja mai ƙyalli da ɗanɗano na daban. Mutanen Norwe da Suwidin suna jiƙa busasshen kifi a cikin irin wannan ruwa, sannan su yi kwanaki suna sauya masa ruwan sanyi kafin ya ciwu, shi ne abincin da ake kira “lutefisk” a Norwe. Ana kuma cire ɗacin koren zaitun da ita a Sifen.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na masara. Mutanen asali na nahiyar Amurka, waɗanda su ne suka fara nomanta, suna dafa ta da toka ko da farar ƙasa kafin su niƙa, wanda ke sa dusar ta saɓule, ya kuma saki sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin, da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Turawa sun ɗauki masarar suka bar dabarar, sai cutar felagra mai ɓata fata da hankali ta addabi talakawan da suka dogara da ita a Italiya da Sifen da jihohin kudancin ƙasar Amurka. Bahaushen da ke jefa kanwa a wake don ya yi saurin nuna, ko yake shan kunun kanwa, bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Amma ina roƙonka kada ka gwada wannan da sodar masu sabulu a gidan burodinka.

TAMBAYA: Malam, a jikin kwalin man miƙar da gashi da nake saya wa 'yata an rubuta “no-lye”. Mai shagon ta ce ma'anarsa babu sinadari a ciki, don haka ba ya ƙuna. Haka ne? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Malama, mai shagon ta faɗi rabi ta bar rabi. Abin da rubutun ke nufi shi ne babu sodiyam haidroksaid a ciki, kuma a nan gaskiyarsa ta tsaya. Gashi mai murɗiya ba ya miƙewa sai an karya wasu ɗaure-ɗaure na cikin silinsa, kuma a irin waɗannan mayuka sinadari mai kaifi na dangin soda ne ke yin wannan aiki. Yawancin masu ɗauke da wannan rubutu suna zuwa ne da mazubi biyu da ake haɗawa a lokacin shafawa, ɗaya mai kalsiyam haidroksaid, ɗaya mai wani gishirin guwanidin, kuma haɗuwarsu ke haifar da sinadarin da ke miƙar da gashin. Ya fi sauƙi a kan fatar kai ga mutane da yawa, amma idan ya daɗe yana ƙonawa, kuma yakan bar gashi a bushe saboda kalsiyam da ke taruwa a jikinsa. A bi mintunan da aka rubuta a takardar, kada a shafa a kan da ke da ƙuraje ko wanda aka sosa, kuma ni a ra'ayina ƙaramar yarinya ta fi dacewa da kitso.

Kalmar tana da nauyi na musamman a tarihin baƙaƙen fatar Amurka. Daga shekarun 1920 zuwa 1960 maza da yawa a can sukan miƙar da sumarsu da wani haɗi na gida da aka yi da soda da ƙwai da dankalin Turawa, salon da suke kira “conk”. Malcolm X ya ba da labarin azabar da ya sha ranar da aka fara yi masa a Boston, kuma daga baya ya ɗauki abin a matsayin alamar raina kai.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne. Na ga an rubuta “lye” a cikin baitocin wata waƙar gambarar Amurka, kuma maganar ba ta sabulu ba ce. Kuskuren rubuta “lie” ne? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

AMSA: Ɗana, zato biyu ne, kuma jimlar ce za ta raba maka gardama. Kalmomin “lye” da “lie” sautinsu ɗaya ne tak, ita kuma “lie” kanta kalma biyu ce da suka yi tarayya a rubutu, ɗaya ƙarya, ɗaya kwanciya. Mai rubuta baitocin da kunne yana iya ɗaukar wannan ya ajiye a gurbin waccan. Amma a saran mawaƙan gambara na New York a shekarun 1990, “lye” suna ne na tabar wiwi, wasu kuma sukan gajarta shi su ce “la”. Idan ka ga kalmar kusa da maganar hayaƙi ko naɗi ko kunnawa, to wiwi ake nufi. Wannan sara ya tsufa, matasan yau ba su cika amfani da shi ba, kuma ba kalma ce da za ka sa a takardar jarrabawa ba. Masu shaye-shaye a kowane harshe suna yawan sauya wa kayansu suna ne don su ɓatar da iyaye da hukuma, da zarar sunan ya bazu kuma sai su nemi wani.

TAMBAYA: Malam, yarana suna yawan cewa “no cap”, kuma rannan na ji babban yana kiran wani ɗan ƙwallo “goat” alhali yabonsa yake yi. Ni dai a Turancin da na koya, hula da akuya ke nan. Daga wani malamin makaranta mai ritaya a Katsina.

AMSA: Ranka ya daɗe, Turancin da ka koya yana nan daram, sara ne ya hau kansa. A bakin baƙaƙen fatar Amurka “cap” ta daɗe tana nufin cika baki ko shara ƙarya, sai mawaƙan birnin Atlanta suka yaɗa “no cap” a duniya wajen 2017, da ma'anar babu ƙarya, kamar yadda yaro zai ce maka “ba wasa” ko “da gaske nake”. A shafukan sada zumunta har hoton shuɗiyar hula sukan liƙa a ƙarƙashin maganar da ba su yarda da ita ba, maimakon su ce wa mai ita maƙaryaci.

Ita kuwa akuyar, haruffan farko ne na kalmomi huɗu, “greatest of all time”, wato gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba, kirarin da ɗan damben nan Muhammad Ali ya shahara da yi wa kansa. Abin dariyar shi ne, a tsohon saran 'yan wasannin Amurka “goat” shi ne ɗan wasan da ya jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa, yanzu kalmar ta juye ta zama kambin yabo. Mu ma muna da irin wannan juyi. Idan aka ce wane ƙwaro ne a lissafi ba a zage shi ba, idan aka ce riga ta yi mugun kyau ba a kushe ta ba, kuma a kan wannan hanya ce matashin Landan zai kira abin da ya burge shi “wicked” ko “sick”, mugu ko marar lafiya.

Tun da maganar ƙarya ake yi, Turawan gabashin Landan suna da wani salon zaurance da suke ɓoye kalma a bayan wata mai amsa-amo da ita. Ƙarairayi, wato “lies”, sun zama “pork pies”, sunan wani abincinsu na naman alade, sannan aka datse aka bar “porkies”. Don haka idan ka ji ɗan jaridar Birtaniya ya ce wani ɗan siyasa yana “telling porkies”, ƙarya yake nufi, amma da sigar zolaya wadda ba ta kai zafin kiran mutum maƙaryaci a fili ba.

TAMBAYA: Malam, me ya haɗa sabulu da wasan kwaikwayo har ake kiran finafinai masu dogon zango “soap opera”? Daga wata ɗaliba a Yamai.

AMSA: 'Yata, talla ce ta haɗa su. A shekarun 1930 gidajen rediyon Amurka suna watsa wasannin kwaikwayo na soyayya da rikicin iyali da rana, lokacin da matan aure ke gida suna aikace-aikace, kuma kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyinsu don su tallata hajarsu ga masu wanki. 'Yan jarida suka laƙaba musu wannan suna da sigar ba'a, sunan ya bi su har zuwa talabijin, yanzu ma akan ce “soap” kawai.

Sabulu ya ba Turanci wasu maganganun. “Soft soap” a zahiri shi ne sabulu mai laushi na ruwan toka da na bayyana wa Hajiya a sama, amma tun ƙarni na 19 ake amfani da shi da ma'anar daɗin baki, irin wanda mai neman alfarma ke shafa wa mutum har ya saki jiki. “Soapbox” kuma akwatin katako ne da ake zuba sabulu a ciki, wanda masu wa'azi da 'yan siyasar bakin titi ke kifawa su hau don jama'a su hango su, kamar yadda ake yi a wata kusurwar dandalin Hyde Park a Landan, inda masu jawabi ke taruwa ranar Lahadi. Wanda aka ce ya hau “soapbox” ɗinsa a yau, ko a zaune yake a falo, ana nufin ya kama dogon jawabi a kan ra'ayin da ba wanda ya tambaye shi. Kalmar “caustic” ma ta kostik soda, wadda asalinta Girkanci ne mai nufin ƙuna, ana siffanta harshen mutum da ita idan maganarsa mai yanka ce, irin wanda mu za mu ce bakinsa ba linzami ko harshensa ya fi reza kaifi.